Tashi, Arlis

Verna Sizemore tana cikin lambu tana tsinkar wake, sai mijinta Doyle ya fito daga ɗakin girki da waya a hannu, ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar mai tsoron ta cije shi.

"Wani yaro ne daga Texas," in ji shi. "Wai Verna Sizemore mawaƙiya yake nema."

"Ka ce masa ba ma sayen komai."

"Na faɗa masa. Ya ce shi ba talla yake yi ba."

Ta goge hannu a jikin siket ta karɓi wayar. Yaron ya ce sunansa Bryson, magana kuwa zuba ta yake yi kamar an buɗe famfo. Abin da ta iya tsinta shi ne suna shirya babban bikin waƙoƙin kantiri, wato waƙoƙin mutanen karkara, a wani fili kusa da Abilene, kuma suna so ta hau dandamali ranar Asabar da la'asar.

"Ɗana, anya ba lamba ka ɓata ba? Akwai wata Verna da ke waƙa a Ohio, yarinya ce mai jan gashi."

"A'a Mama, ke nake nema. Ba ke kika yi 'Tashi, Arlis' ba? Ai waƙarki ce ke tashe yanzu. Duk inda mutum ya juya ita ce."

Verna ta dubi tsaunin da ke gaban gidanta, ta dubi kajinta. Ita dai ba ta ga inda waƙar ke tashe ba.

"Su wa ke jin ta?"

"Matasa mana! 'Yan makaranta, 'yan jami'a, kowa. Duk suna yin abin nan da ita a waya. Bari in turo miki ki gani."

Ya turo ɗin, amma a kwarinsu na Caney Gap, can jihar Kentucky, hoto mai motsi ba ya buɗewa sai mutum ya hau tudun maƙabarta, gwiwoyin Verna kuwa sun daina irin wannan wasan. Ta bar wa ranta cewa yaran zamani ne suka gaji da hayaniya suka dawo ga waƙar gaske. Abin ya yi mata daɗi, ko da yake can ƙasan zuciyarta ba ta gama yarda ba.

Shekarunta sittin da 'yan kai. A coci ta fara waƙa, tun ana ɗora ta a kan akwati don a hango ta. Daga nan sai gidan rediyon gundumarsu ranar Asabar da safe, tsakanin tallar abincin kaji da sanarwar rasuwa. Yayanta Arlis ne ya saya mata jitar farko, shi ne kuma ya kai ta Nashville, birnin mawaƙa, a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, ya ajiye ta a ƙofar wani gidan haya, ya ce kada ya ga ƙeyarta a gida sai ya ji ta a rediyon mota. Ta yi shekaru tana aiki a gidan cin abinci da rana, da yamma tana waƙa a mashaya gaban mutanen da suka fi kula da kwalabensu. A can ta haɗu da Doyle, dogon mutum marar magana, wanda jitarsa ce ke yi masa surutu.

Arlis bai ji ta a rediyon mota ba. Wata safiya rufin ramin kwal ɗin da yake aiki ya rufto a kansa, shi da wasu mazan Caney Gap. Verna ta iso daga Nashville ana kan tono. Tana tsaye aka fito da su, aka jera su a kan ciyawar filin makaranta, aka lulluɓe kowa da bargo. Ta ga matarsa Oleta ta durƙusa kusa da nasa bargon tana jijjiga shi a hankali, tana faɗa masa abin da ta saba faɗa kowace safiya, domin Arlis mutum ne mai nauyin barci. Wannan maganar ce Verna ta ɗauka ta yi amshi da ita:

Tashi, Arlis, rana ta fito,
Kofinka na hucewa a kan teburi.
Tashi, Arlis, an busa usur,
Abokanka na jira a bakin hanya.

Waƙar ta shiga rediyo ta zagaya ƙasa. Verna ta samu doguwar bas mai sunanta a jiki, ta sa riguna masu ƙyalƙyali, ta fito a talabijin. Ta yi wasu faifan, wasu sun karɓu, wasu sun kwanta a kanti. Sannu a hankali kunnen mutane ya juya, kamfanin faifai ya daina ɗaukar wayarta, bas ta zama ƙaramar mota mai tari. Suka tattara suka koma Caney Gap. Ba ta daina waƙa ba, sai dai yanzu a baje kolin gunduma take yi, tsakanin tseren aladu da gasar kabewa, ko a gidan kula da tsofaffi, sau ɗaya ma a buɗe shagon tayoyi. Amma duk inda ta ɗauko "Tashi, Arlis", mata sukan ciro hankici, maza su cire hula. Haka ta san waƙarta.

Da yamma ta tsallaka rafi zuwa gidan Oleta. Oleta ba ta sake aure ba. Ta yi aiki a ɗakin girkin makaranta har ta yi ritaya, ta zama gajeriyar tsohuwa mai kaifin baki. Ta zuba wa Verna miyar wake, ta yanko mata burodin masara, ta saurari labarin tana tauna.

"Texas," ta ce. "Su kuma me ya haɗa su da Arlis? Ramin kwal gare su?"

"Oho. Wai yara ne ke son ta."

"Yaran yanzu? Waɗanda ko gaisuwa sai an roƙe su?" Ta ajiye cokali. "To da ni za a tafi."

"Haba Yaya Oleta, tafiyar kwana biyu ce fa a mota, ga zafi."

"Mijin wa ake rerawa, naki ko nawa? Naki ga shi can da ransa, ba abin da yake tsinanawa sai kwance injin yankan ciyawa ya kasa haɗawa."

Haka suka ɗauki hanya su uku, Doyle na tuƙi, Verna a gefensa da rigar dandamali rataye a bayanta, Oleta a baya tsakanin jitoci tana kushe duk jihar da suka ratsa.

Filin bikin ya fi Caney Gap gaba ɗaya girma. Rumfuna iya ganin ido, hayaƙin gashin naman shanu, rana kamar ta sauko ƙasa. Matasa ne cike da wurin, da faffaɗan huluna da dogayen takalma sababbi fil, waɗanda daga gani ba su taɓa taka kashin saniya ba. Mai gadin ƙofa ya dubi motarsu ya nuna musu wurin da masu kawo ƙanƙara ke tsayawa. Da Doyle ya faɗa masa sunan, sai mutumin ya leƙo ta taga ya washe baki.

"Tashi, Arlis!" ya faɗa da ƙarfi, ya bugi rufin motar, ya ƙyalƙyale da dariya.

Verna ta waiga ta dubi Oleta. Oleta gaba take kallo, jakarta a kan cinya.

Suna fitowa daga mota suka fara ganin rigunan. Farare ne, an rubuta sunan waƙar a ƙirji, ƙarƙashinsa hoton zakara sanye da baƙin tabarau. Ba mutum ɗaya ba, ba goma ba. Oleta ta tare wata yarinya mai ɗauke da kofin lemo.

"'Yata, wane ne wannan Arlis ɗin da ke rigarki?"

"Kare ne, ko? Ƙawata ta ce karen mawaƙiyar ne, wai malalaci ne na ƙarshe."

"Ke dai ba ki san komai ba," in ji saurayin da ke tare da ita. "Mijinta ne. Mashayi ne, ya sha ya kasa tashi aiki."

"Zakaran fa?" in ji Oleta.

"Zakara dai zakara ne, Kaka."

Oleta ta gyaɗa kai kamar wadda aka faɗa wa farashin tumatir. Verna ta buɗe baki, amma kafin ta haɗa kalma wani siririn yaro ya faɗo musu da gudu, ya kama hannunta da hannu biyu. Shi ne Bryson. Akwai wani ɗan abu maƙale a kunnensa, da shi yake magana da mutanen da ba a gani, saboda haka Verna ta kasa gane lokacin da yake yi da ita.

"Mama Verna! Yau na ga tarihi da idona! A'a, a'a, a fitar da ita daga nan, ba wurinta ba ne!"

Verna ta juya za ta koma mota.

"Ba ke ba, Mama, wata motar ruwa ce. Zo mu je, makaɗanki na jira."

"Makaɗina ga shi nan," ta nuna Doyle.

"E, shi ma. Mun ƙara miki mai ganga da mai babbar jita. Hagu na ce, hagu!"

Ta yi hagu. Ya jawo ta dama.

A wata rumfa bayan dandamali aka yi gwaji. Mai gangar, yaro mai dogon gashi, ya gaishe ta da ladabi, ya buga sanduna, ya saki wani kiɗa mai gudu kamar ana korar ɓarawo. Verna ta saurara, ta jira wurin da za ta shiga, ba ta samu ba.

"Wannan wace waƙa ce?"

"Taki ce, Mama."

"Tawa ba ta gudu."

Ya ciro waya ya kunna mata. Wata siririyar murya ta fito, kamar ta ɓera, tana tsere da amshin waƙar, ana dukan ganga a ƙarƙashinta. Amshin na ƙarewa sai ya sake dawowa. Babu baitin farko, babu na biyu, babu ramin kwal.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana."

"Ni ban taɓa yin irin wannan muryar ba, ko ina goye."

Doyle ya sosa ƙeya. "Faifanki ne, Verna. Wani ne ya ƙara masa gudu."

"Don me?"

Mai gangar ya mayar da wayarsa aljihu, yana kallon ƙasa kamar shi ya yi laifin. Daga ƙarshe suka daidaita a tsakiya, ba gudun doki ba, ba tafiyar jana'iza ba. Verna ta shiga bayan labule ta sa shuɗiyar rigarta mai ƙyalƙyali. An samo wa Oleta kujera a gefen dandamali, inda za ta ga komai daga inuwa.

Da aka kira sunanta ta fito, sai da ta ja numfashi. Ko a lokacin da take da bas ba ta taɓa ganin mutane haka ba. Kawuna ne har inda filin ya haɗu da sama. Ta gaishe su, suka amsa da ihu. Ta fara da wata waƙa ta direban babbar mota da ke kewar gida. Sun yi tafi na mutunci, amma tana ganinsu suna hira, suna shafa man rana, suna duba waya. Ta yi ta biyu, ta yi ta uku. Daga baya-baya wasu suka fara kiran sunan Arlis kamar masu kiran ɗan wasan ƙwallo.

Ta dubi Doyle ta gyaɗa kai. Ya ja igiyar jita, sautin farko na waƙar ya fita.

Filin ya ɗauki wani irin ruri, sannan, kafin ƙiftawar ido, mutanen suka zube ƙasa. Dukansu. Na gaba, na tsakiya, na can nesa, suka kwanta rigingine a kan ciyawa.

Abin da ya fara zuwa ran Verna shi ne wani ya ciro bindiga. Ta duƙa bayan sandar makirufo, tana waige-waige ta ga ta ina harbin ke fitowa. Doyle ma ya saki jita ya taho ya tsaya a gabanta da dogon jikinsa. Amma ba ƙarar komai. Mai ganga bai fasa kiɗansa ba, murmushi ma yake yi. A gefe Bryson na juya hannu yana nufin ta ci gaba.

Ta miƙe a hankali ta sake duba filin. Suna nan kwance a jere, hannuwa a gefe, idanu a rufe, wasu sun rufe fuska da hula. Ciyawa, rana, da mutane shimfiɗe ba motsi. Sau ɗaya ta taɓa ganin irin wannan a rayuwarta, a filin makarantar Caney Gap.

Bakinta ne ya fara waƙar ba tare da ya yi shawara da ita ba. Shekara talatin yana yin wannan aikin, ya san hanya. Ta rera baitin farko, na safiya da hazo a kan tsauni da akwatin abincin da aka ɗaure masa. Ba wanda ya motsa. Wata yarinya a sahun gaba tana danne dariya, kafaɗunta na rawa, ta ɗaga waya sama da hannu ɗaya tana ɗaukar kanta.

Verna ta iso amshi. "Tashi, Arlis..."

Ƙasa ta girgiza. Dubban mutane suka zabura lokaci guda, suka daka tsalle, huluna suka tashi sama, ƙura ta turnuƙe. Suna ihun amshin da ita, sun fi ta ƙarfi, sun fi ta sauri, suna rawa, suna rungumar juna. Farin ciki ne tsantsa a fuskokinsu, babu ko ɗigon mugunta. Wannan ne ya fi ɗaure mata kai. Da izgili ne, da ta san abin yi.

Amshin na ƙarewa sai abin ya lafa. Kowa ya sunkuyar da kai yana duba abin da wayarsa ta ɗauka. Daga gefe-gefe wasu suka fara sulalewa zuwa rumfunan nama. A wurinsu waƙa ta ƙare.

Verna ta ɗaga hannu. Doyle ya tsaya nan take, sauran makaɗan suka bi shi a hargitse.

"Ku dakata," ta ce a makirufo. "Ina so in faɗa muku wani abu. Arlis yayana ne."

Ihu ya tashi. Wani ya busa ƙaho.

"A'a, ku saurara. Ba kare ba ne. Ba mashayi ba ne, shayi ma sai an matsa masa. Ma'aikacin ramin kwal ne. Rami ya rufta da shi, ya mutu."

Na gaba sun ji. Ta ga dariya na bushewa a fuskokinsu sahu bayan sahu, kamar inuwar girgije na bin gona. Yarinyar nan mai waya ta sauke hannunta ta rufe baki. Samari suka fara cire huluna. Amma iska ta kwashe maganar kafin ta kai baya. Na can nesa sunan Arlis kawai suka tsinta, suka ɗauka za a sake yi ne, sai suka yi shewa suka sake zubewa ƙasa. Waɗanda suka fara tafiya ma suka dawo da gudu, da nama a hannu, suka nemi wuri suka kwanta.

Yanzu rabin fili na tsaye kai ba hula, rabi na kwance yana jira. Na tsakiya sun rasa wa za su bi. Wasu sun tsuguna, wasu sun durƙusa da gwiwa ɗaya suna kallon dama da hagu.

Verna ta juya ga Doyle. "Me zan yi?"

"Akwai sauran baiti biyu," in ji shi.

Ya ɗauko kiɗan a hankali, shi kaɗai, irin yadda suke yi a gidan tsofaffi. Ta rera baitin mata tsaye a bakin rami da fitilu, da baitin barguna a kan ciyawa. Filin ya yi tsit har tana jin injin wata rumfar lemo daga nesa. Ba ta san ko saurare suke yi ba, ko jiran wurin tsalle. Da amshi ya zo, na baya suka zabura da ihu kamar ɗazu. Na gaba suka rera shi ƙasa-ƙasa, wasu da hawaye. Wani ƙaton saurayi mai jan gemu, can wajen tsakiya, yana tsalle yana kuka a lokaci guda, kuma da alama shi kansa bai san wanne yake nufi ba.

Ta kai ƙarshe. Tafin da aka yi mata ya daɗe, ya fi duk wanda ta taɓa samu. Ta sunkuya ta yi godiya domin haka aka saba, ta sauka tana riƙe da ƙarfen matakala.

Bryson ya tare ta, idanunsa jajur. "Mama, ban sani ba. Na rantse ban sani ba. Ban taɓa jin ta daga farko ba." Ya share hanci. "Amma abin da kika yi yanzu, kafin gobe duk duniya ta gani. Wannan sai ya fi na farko tashi! A'a, ka ce su jira, ina magana da ita!"

Verna ba ta tsaya tantance wanne ne nata a cikin maganar ba. Kujerar Oleta take kallo. Ba kowa a kai, sai jaka.

"Ina tsohuwar da ke nan?"

Ba wanda ya lura. Verna ta tattare rigarta ta ratsa bayan dandamali. Ita ta kawo matar nan tun daga Kentucky don ta ga an mayar da ranar mutuwar mijinta wasan tsalle. Ta leƙa mota, ta leƙa rumfar masu ba da magani. Can ta hango ta a inuwar wata rumfar abinci, zaune a kan damin ciyawa, da farantin nama a cinya, 'yan mata uku sun kewaye ta, ɗaya na yi mata fifita da hula. Da suka ga Verna suka tashi a kunyace suka ba da wuri.

Verna ta zauna kusa da ita. Sai ta lura da busasshiyar ciyawa maƙale a bayan rigar Oleta da cikin furfurarta.

"Yaya Oleta. Kwanciya kika yi?"

"Daga kujerar can ba na ganin komai sai ƙeyar mijinki, shi ne na sauka. Ina shiga cikinsu kowa ya zube. Ni kaɗai zan tsaya kamar turke?"

"Kika kuma yi tsalle?"

"Da wace gwiwar? Kowa ya tashi ya bar ni a ƙasa kamar kunkurun da aka kifar. Yaran nan ne suka ɗaga ni." Ta tsinke nama ta sa a baki. "Na ce musu ni ce matar karen."

Verna ta rasa ko dariya za ta yi. "Ki yafe mini. Da na san haka abin yake, da ban zo ba, balle in kawo ki."

Oleta ta daɗe tana tauna. Daga dandamali wata ƙungiya ta fara nata kiɗan.

"Da ina kwance a wurin," ta ce, "ina kallon sama, ina jin muryarki, sai na ce ashe haka ya gani. Sama kawai. Daga nan suka kwatsa sunansa gaba ɗaya, har cikin haƙorana na ji shi. Kin san a gida ba mai kiran sunan nan a gabana. Sai dai a ce marigayi, a ce mai gidanki, a sassauta murya kamar ana tsoron in fashe. Yau kuwa na ji shi har na ƙoshi."

"Ke nan ba ki ji haushi ba?"

"Wa ya ce miki? Na ji mana. Saura kaɗan in kwaɗa wa wani yaro jaka, Allah ya taimake shi na bar ta a kujera." Ta share yatsu da takarda. "Ban san me na ji ba, Verna. Kada ki tambaye ni. Shi dai da yana nan, da shi zai fi kowa tsalle, ke ma kin san halinsa. Ko kuma ya yi barci a wurin, a tattake shi."

Verna ta shiga cire mata ciyawar daga gashi ɗaya bayan ɗaya, Oleta ta ƙyale ta.

Washegari tun kafin su fita daga Texas wayar Doyle ta fara ƙara. Oklahoma suna so, Missouri suna so, wani gidan talabijin ma yana so. Verna ta ce ya kashe ta. Ta yi kwanaki a gida tana jujjuya abin. Ta tambayi fasto, ya ce Ubangiji yana aiki ta hanyoyi da yawa, wanda bai rage mata komai ba. Wata rana ta tashi da niyyar ba za ta ƙara rera waƙar ba har ta mutu, kafin azahar kuma ta sami kanta tana guge shuɗiyar rigar.

Ta karɓi na Oklahoma, bisa sharaɗin ba mai ganga, kuma za ta yi magana tukuna. A ranar, tun kafin Doyle ya taɓa jita, ta ba su labarin daga farko: motar ɗaukar kaya, ramin kwal, filin makaranta, da matar da ta durƙusa tana tashin mijinta. Wannan karon na'urorin sauti sun kai maganar har bayan fili. Da yawansu ma sun riga sun gani a waya. Suka saurara tsit, huluna a ƙirji. Verna ta ji hankalinta ya kwanta. Ta gyaɗa wa Doyle kai.

Sautin farko na fita, sai suka fara kwanciya. Ba zubewa irin ta Texas ba. A hankali, cikin natsuwa, kowa na gyara wa na kusa da shi wuri, har filin ya shimfiɗe gaba ɗaya.

Verna ta rufe makirufo da tafin hannu ta matsa kusa da mijinta.

"Doyle, wannan kuma me yake nufi?"

Ya dubi filin ta saman tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Ni makaɗi ne, Verna," ya ce. "Ki shiga, wurinki ya kusa wucewa."

Ta shiga.